Wankan da Na Yi wa Lami

Hannuna na dama ya fara rawa a 'yan shekarun nan. Idan zan sha shayi sai na riƙe kofin da hannu biyu, in ba haka ba rabi a bakina, rabi a gaban rigata. Likita a Kazaure ya ce tsufa ne, ya rubuta mini ƙwayoyi, na karɓa na yi godiya. Ban gaya masa abin da tsofaffin garinmu suke faɗa ba, cewa duk wanda ya kashe mage sai hannunsa ya yi rawa kafin ya bar duniya. Na san camfi ne, malamai sun sha faɗa, ni ma na sha yi wa wasu dariya a kai. Amma makon jiya da jikata ta shigo da magenta a cikin kwali, ta ajiye a gabana ta ce in duba mata tunda na yi aikin dabbobi, sai na ji na ɓoye hannun a ƙarƙashin riga. Na ce ta kai ta wurin likita. Yarinyar ta ɗauka ƙyuya ce irin ta tsofaffi, ta fita tana ƙunƙuni, ni kuma na zauna a zaure har azahar ban iya ko kunna rediyo ba.

Goggo ce ta rene ni, yayar mahaifina, domin mahaifiyata ta rasu ban gama wayo ba. Mutanenmu makiyaya ne da suka gaji da yawo suka zauna a gindin duwatsun Roni, suna noman gero da gyaɗa, shanun da suka rage kuma suna kwana a bayan gida. Abin da na fi tunawa da gidan shi ne ƙararsa da safe. Maruƙa suna kuka a tungarsu, taɓarya biyu suna amsa wa juna daga gidan Baffa ƙanin Goggo, zabi suna ta surutunsu a kan danga, sannan ga maburgin Goggo a cikin ƙwarya, wanda idan na ji shi na san gari ya waye ko ban buɗe ido ba. Yanzu idan na je garin, injin niƙa ne yake tashin mutane, sai babura masu ɗaukar fasinja zuwa bakin titi. Nonon ma a robar lemo ake sayar da shi. Ba na cewa da can mun fi jin daɗi, domin mun sha wuyar rijiya da ƙaya da ciwon ido, amma a lokacin kowane gida yana da muryarsa, makaho ma ya san ƙofar da ya tsaya.

Zancen makaho kuwa ba a banza na kawo shi ba, domin lokacin da na zama saurayi yanar ido ta riga ta rufe idanun Goggo. Tana bambance haske da duhu, tana ganin mutum kamar inuwa, shi ke nan. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu. Ba ta taɓa yarda a ce mata makauniya ba, kuma ba ta daina aiki ba. Da hannu take tsince tsakuwa daga gero, da hanci take gane nonon da ya kwana da wanda aka tatso yanzu. Idan na dawo daga yawo takan ce in matso, ta shinshina rigata ta faɗa mini inda na je, ko wurin masu tsire ne ko bakin tafki, kuma ba ta cika kuskure ba.

Wata Alhamis da damina wata 'yar mage mai launin toka ta sauko daga cikin duwatsu, jiƙe sharkaf, ta shige ƙarƙashin gadon Goggo. Tunda ranar Alhamis ta zo, Goggo ta ce ai sunanta ya biyo ta, Lami ke nan. Daga ranar ƙoƙon farko na nonon safe na Lami ne, ni da nake ɗan gida sai na biyu, na yi ta mita har na gaji. Lami ta biya kuɗin nononta da aiki, domin ɓera bai sake samun sakewa a rumbun Goggo ba, kuma sau da yawa takan tsaya ta kumbura jiki a bakin ƙofa, a duba a ga kunama. Amma ba don wannan Goggo take son ta ba. Mutanen gidanmu duk sun koma Hausa, yara ba sa jin Fillanci sai gaisuwa, tsararrakinta kuma sun ƙare ɗaya bayan ɗaya. Da Lami kaɗai take Fillanci yadda ranta yake so. Da hantsi za ka same su a inuwar rumbu, Goggo tana kaɗi, magen tana kwance a kan ƙafarta, tana ba ta labarin mashekarin da suka zauna tana yarinya da shanun babanta ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Mata suna tsokanarta cewa ta sami ƙawa mai wutsiya, ita kuma ta ce ƙawar tata ta fi su riƙe sirri.

A shekarun ne kuɗin mai ya fara shigowa ƙasa. Aka zuba kwalta, rediyo ya shiga kowane zaure, duk wanda ya gama firamare ana nemansa da aiki. Ni aka ɗauke ni a ofishin dabbobi, aka yi mana horo na 'yan watanni, aka ba ni kakin ma'aikata da jaka da sirinji irin na ƙarfe, daga baya har da babur. Abin da aka koya mini bai wuce uku ba: allurar rigakafin ciwon bushiya, allurar ciwon huhu, sai haɗa maganin kaska a yi wa shanu wanka. Amma idan na shiga ruga a Gwiwa ko wajejen Babura, dattawa masu furfura sukan tashi su ba ni buzu, suna ce mini likita. Ban taɓa gyara wa kowa ba. Kaina ya kumbura har hular kakin ta kusa ƙin shiga. Idan aka tambaye ni abin da ban sani ba, sai in ɗaure fuska in yi shiru kaɗan kamar mai tunani, sannan in faɗi abin da ya zo bakina, kuma Allah yana rufa mini asiri domin saniya dabba ce mai haƙuri da ƙarfin jiki.

Wata bazara Lami ta kamu da ƙuma. Sai susa take yi ba dare ba rana, gashin wuyanta da bayan kunnenta ya fara zubewa, wurin ya yi ɓawo. Goggo ta gane da yatsunta tun kafin mu masu ido mu lura. Ta shafa mata man shanu, ta gwada toka, abin bai yi sauƙi ba. Sai ta kira ni ta ce tunda ina zuwa Kazaure, in tambayo mata babbanmu na ofis abin da ake yi wa mage. Ba ta ce in yi magani ba, cewa ta yi in tambayo. Babban namu dattijo ne mai sauƙin kai, wanda ya yi karatun aikin sosai, da na tambaye shi da ya faɗa mini a tsaye. Sau uku ina zuwa ofis da niyyar tambaya, sau uku ina dawowa da ita a bakina. Dalilin kuwa abin kunya ne. Abokan aikina mutane ne masu baki, akwai wanda ya taɓa yi wa kazar wata mata ɗauri, har ya bar aiki ana kiransa likitan kaji. Ni da nake shiga garken shanu ɗari, ban ga yadda zan buɗe baki a gabansu in yi zancen mage ba.

Da Goggo ta sake tambaya, sai na ce mata na tambayo, babbanmu ya ce wanka za a yi mata da maganin kaska. Wannan ita ce ƙaryar farko, kuma na ɗora ta a kan mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Goggo ta dakatar da kaɗinta ta juyo da fuska wajena.

"Ba a yi wa mage wanka," in ji ta. "Ita take wanke kanta da harshenta. Duk abin da ka zuba a jikinta, a cikinta ka zuba shi."

Na yi dariya na ce wannan zancen mutanen da ne, yanzu zamani ya zo da ilimi. Ta ce to a bar mata magenta da ƙumarta, ta gode. Raina ya ɓaci. Mutanen da ba su haɗa komai da ni ba suna ba ni amanar dukiyarsu, ga tsohuwar da ta rene ni ta hana ni mage. Na ƙudurta a raina sai na nuna mata.

Bayan kwana biyu aka yi suna a ƙauyen da yake gaba da mu, maƙwabciyarmu ta riƙe wa Goggo sanda suka tafi tun da hantsi. Suna ɓacewa na ɗauko galan ɗin magani daga jakata, na ɗauko daron wanki. Lissafin da na yi mai sauƙi ne: mage ƙaramar dabba ce, to sai in ba ta rabin abin da ake haɗa wa maraƙi. Har na yaba wa kaina da wannan taka-tsantsan. Maganin nan idan ya haɗu da ruwa fari fat yake zama kamar madara, ga wari mai hawa kai. Lami ta ga farin abu a daro, ta taho da kanta tana goga jiki a ƙafata, ta ɗauka rabonta ne aka zubo. Na kama ta ta ƙeya na tsoma ta. Ta yi kuka irin wanda ban taɓa jin ta yi ba, ta yakushe ni a wuyan hannu har jini ya fito, ban sake ta ba sai da na cuɗa ta tun daga kai har wutsiya. Na ajiye ta a rana, ƙuma suna faɗowa matattu a kan ƙasa, na tsaya ina kallo ina jin daɗi, ina shirya abin da zan faɗa wa Goggo. Magen ta girgiza jiki, ta koma gindin rumbu, ta zauna ta fara lashe kanta a hankali, ƙafa bayan ƙafa, kamar yadda Goggo ta faɗa.

Kafin azahar yawu ya fara dalala daga bakinta. Ta tashi za ta yi tafiya ƙafafun baya suka ƙi, sai ta faɗi gefe tana karkarwa. Na ɗebo nono na buɗe bakinta ina ɗura mata, yana dawowa ta hanci. Na zazzage jakata a ƙasa, babu abin da yake ciki sai kayan shanu. Babur ɗina yana jingine a zaure, Kazaure ba ta da nisa, da na ɗauke ta a lokacin wataƙila babbanmu ya san abin yi, wataƙila kuma lokaci ya riga ya wuce, ban sani ba har yau. Abin da na sani shi ne na tuna da zuwa, na kuma tuna da fuskokin abokan aikina, sai na zauna. Ana kiran la'asar ta miƙe ƙafafu ta daina motsi.

Abin da na yi bayan nan ya fi wankan muni. Na ɗauraye ta da ruwa mai kyau har sau uku don warin ya fita, na goge ta da tsumma, na shanya ta ta bushe. Na kai ruwan daron bayan danga na zubar, na rufe da ƙasa, na wanke daron da toka. Na mayar da ita gindin rumbu na kwantar, na saki hannun rigata ya rufe yakushin. Duk wannan da natsuwa na yi shi, kamar mai aikin ofis.

Rana ta yi sanyi suka dawo. Tun daga zaure Goggo take kiran Lami, ta ƙullo mata ɗan nama a bakin zane daga gidan suna. Na tare ta na ce ta yi haƙuri, na dawo na tarar da Lami a gindin rumbu, da alama maciji ne. Ba ta yi kuka ba. Ta nemi tabarma ta zauna, ta ce in kawo mata ita. Na ɗora mata a cinya. Ta fara bin jikin da yatsu, kai, wuya, ciki, ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, tana neman inda haƙori ya shiga. Da ta gama sai ta ɗaga tafin hannunta ta kai hanci. Ta daɗe a haka. Ni ina tsaye, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mata sun fara taruwa, Baffa ya shigo yana tambayar abin da ya faru, maƙwabciyarmu ta sunkuya tana cewa ita ba ta ga kumburi ba.

"Maciji ne," in ji Goggo. "Ga gurbin haƙorinsa nan a ƙarƙashin hammata, na ji shi da hannuna."

Babu wani gurbi, ni na fi kowa sani. Baffa ya ce lallai a nemi macijin kafin ya taɓa mutum. Maza suka fito da sanduna, aka rushe tarin itacen Goggo, aka kwashe karan da ke bayan rumbu, aka zuba ruwan zafi a ramuka. Ni ma na ɗauki sanda na shiga cikinsu, ina dukan ciyawa, ina neman macijin da ni ne shi. Goggo ta yage gefen tsohon zanenta ta naɗe Lami, ta ce ni zan binne ta. Da na miƙa hannu zan karɓa, yatsunta suka sauka a wuyan hannuna, daidai kan yakushin. Ta shafa wurin sau ɗaya, ta ce in sa masa magani kada ya yi ruwa.

Daga nan gidan ya canza. An kawo mata 'ya'yan mage har sau biyu, ta ce a mayar, ta tsufa da reno. Ɓeraye suka dawo rumbu, ba ta ko yi ƙorafi ba. Da hantsi takan zauna a inuwar nan tana kaɗi, bakinta a rufe, Fillancin da nake ji ta katanga ya ɗauke ɗif. Ba ta canza mini fuska ba, furata tana nan a rufe da faifai kullum, kuma duk wanda akuyarsa ta yi ciwo sai ta ce a kai wa ɗanta likita. Wannan ya fi duka ciwo. Wata rana a ofis babbanmu yana yi wa sababbin ma'aikata bayani, ya ɗaga galan irin nawa ya ce kada wanda ya kuskura ya kusantar da shi ga mage, domin tana lashe jikinta, kuma jikinta ba ya ɗaukarsa ko kaɗan. Ya ce an ma rubuta a bayan galan. Na koma na duba, yana nan da ƙananan haruffa a ƙasan ma'aunin da na saba karantawa. Ko sau ɗaya idona bai taɓa sauka zuwa wurin ba.

Sai da damina uku ta wuce sannan na iya buɗe baki. Lokacin jikinta ya yi rauni, ba ta fita sai bakin ƙofa. Na zauna kusa da ita bayan sallar la'asar, na ce Goggo, akwai zancen Lami da nake so in yi. Ban kai ga ƙarasawa ba ta ɗaga hannu.

"Idona ne ya mutu, ba hancina ba," in ji ta. "Tun ranar na sani."

Na tambaye ta abin da ya sa ta ce maciji ne. Ta ce in da ta faɗi gaskiya a gaban mutanen nan, kafin kasuwa ta ci labari ya kai kowace ruga, kuma babu Bafillacen da zai sake miƙa saniyarsa ga hannun da ya kashe mage. Ta ce ba ta rene ni don ta kashe mini abinci da bakinta ba. Sannan ta ce mutuwar Lami ba ita ta fi ci mata rai ba, kwananta ne ya ƙare. Abin da ya tsaya mata shi ne na bar ta, da furfurarta, ta yi ƙarya a gaban ƙaninta, ina tsaye ban ce uffan ba, kuma kullum tana sauraron ranar da zan zo, har ta fara tsoron za ta mutu ban zo ba. Na sunkuyar da kai na roƙi gafara, hawaye yana zuba a kan kakin da nake taƙama da shi. Ta dafa kaina ta ce nata ta yafe duniya da lahira, na Lami kuwa ba a hannunta yake ba. Ba ta ga wata daminar ba.

Na yi shekaru masu yawa a aikin bayan nan, na kuma koyi tambaya, ko da yake a makare. Tabon yakushin yana nan, siraran layuka uku, a hannun da yake rawa.

Washegarin ranar da na kori jikata na aika aka kira ta, na ce ta ɗauko kwalin mu tafi tare. Muka hau mota zuwa Kazaure, magen tana kuka a cinyarta duk hanya. Likitan yaro ne matashi, sa'an ƙaramin ɗana, ya duba kunnen magen da 'yar fitila, ya auna nauyinta a sikeli kafin ya taɓa kwalbar magani. Jikata, da yake ba ta iya riƙe baki ba, ta ce masa ai kakanta ma likitan dabbobi ne. Yaron ya miƙe da ladabi ya ce to Baba ai da sai ka duba ta da kanka, me kake gani ya same ta?

Na ce masa, "Ni mai allurar shanu ne, ɗana. Ban san komai game da mage ba."

Suka yi dariya su biyun, sun ɗauka wasa nake yi. Maganar ba ta fi numfashi ɗaya ba, kuma ita ce Goggo take bukata daga bakina a waccan bazarar.